Furen balan-balan a tsakar gida: zai yi a Gusau da Birnin Kebbi, ko asarar iri ce?

Maman Biyu, Gusau: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga tambaya ga masu sani. Akwai wani fure da hotonsa ke yawo, shuɗi mai ɗan jaja-jaja, wanda kafin ya buɗe yake kumbura kamar an hura balan-balan, in ya fashe kuma sai ya zama tauraro mai tsini biyar. Masu sayar da iri ta intanet suna cewa gajere ne, ya dace da tukunya. Shin yana yi a ƙasarmu? In yana yi, yaushe ake shukawa, kuma a cikin me?

Mai Reno, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam Hajiya. Sunansa a littafi Platycodon grandiflorus, asalinsa daga Sin da Koriya da Japan da gabashin Rasha, wato ƙasashen da ƙanƙara ke sauka. Can yana shekaru a wuri ɗaya: sanyi ya zo ganyen ya mutu, saiwar ta kwanta a ƙasa, ɗumi ya dawo ta sake tsirowa. Mu nan ba mu da irin wannan sanyin, abin da muke da shi zafin Maris zuwa Mayu ne da ke haura digiri 40. Don haka amsar a taƙaice: yana yi, amma a ɗauke shi kamar latas ko karas na rani, a shuka da shigowar hunturu a ci moriyarsa kafin bazara. Wanda ya saye shi da niyyar ya ga shekara biyar yana tsaye kamar lalle a bayan ɗaki, zai ji haushi.

Kafin komai ki duba irin da aka kawo miki. Irin na gaskiya ƙanana ne, baƙi-baƙi masu sheƙi, kusan kamar baƙin riɗi. In kika ga ƙwaya zagayayya baƙa mai farin tabo a gefe, wata shuka ce mai yaɗo da ita ma ake kira da sunan balan-balan. In kuma irin na da gashi kamar auduga, wannan dangin tumfafiya ne, yana fin mutum tsawo. Masu talla suna haɗa su duka da suna ɗaya.

Malamin Gona, Talata Mafara: Bari in ɗora a kan maganar Mai Reno, domin zaɓen iri shi ne rabin aikin. Ba kowane nau'i ne ke yin fure a shekarar farko ba. Tsofaffin nau'o'i dogaye, irin su Fuji da Hakone da Mariesii, suna kai santimita 45 zuwa 60, kuma yawanci sai sun shekara sun sha sanyi kafin su yi fure sosai. Waɗannan ba namu ba ne. Wanda ya dace da mu shi ne gajeren da aka ƙirƙira don tukunya, mai yin fure daga iri cikin wata uku zuwa uku da rabi ba tare da jiran sanyi ba. Biyu ne suka fi shahara: Sentimental Blue, tsawonsa santimita 15 zuwa 20, da Astra, wanda ya ɗan fi shi tsawo kuma yana zuwa da shuɗi da fari da ruwan hoda. Akwai Fairy Snow, fari mai siraran jijiyoyi shuɗaye. Akwai kuma Komachi, wanda balan-balan ɗinsa ba ya buɗewa ko kaɗan, haka yake zama a kumbure har ya bushe. Wanda bai san halinsa ba sai ya ɗauka cuta ce ya yi ta fesa magani.

In takardar irin ba ta ɗauke da sunan nau'i, kawai an rubuta balan-balan an manna hoto, to mai yiwuwa dogon ne.

Maman Biyu, Gusau: Na gode Malam. To lokacin shuka fa? Wasu sun ce da damina ya fi, tun da akwai laima.

Malamin Gona, Talata Mafara: A'a Hajiya, damina ce ma ta fi kashe shi. Saiwarsa mai nama ce kamar farin karas, in ta kwana biyu a cikin ruwa ruɓewa take yi, ruwan Agusta kuwa ba ya barin tukunya ta tsane. Lissafin shi ne ki ƙirga baya daga zafi. Kina son fure a Fabrairu kafin rana ta fara duka, kina buƙatar mako 12 zuwa 14, ke nan shuka a makon farko ko na biyu na Nuwamba. In kika kai Disamba, furen zai haɗu da zafin Maris, balan-balan ɗin ya ƙone tun bai buɗe ba.

Ɗan Yauri: Malam ina da ja a nan. Farkon Nuwamba da rana har yanzu zafi na kai digiri 34 ko 35, irin kuma ya fi son wajen 20 zuwa 24 kafin ya tsiro. Ba gara a jira tsakiyar wata ba, dare ya yi sanyi?

Baba na Argungu: Ɗan Yauri, gaskiyarka ɗaya, amma ba a jira, wuri aka canzawa. Kowane gida na da inda ya fi ko'ina sanyi, gindin randa ne. A aje tukunyar shukar nan, inda ƙasa ke da danshi kullum, haske na shiga amma rana ba ta taɓawa. Nan iri zai tsiro ko da waje na zafi. In ya fito ya yi ganye huɗu sai a matsa da shi inda hantsi ke samu nai.

Ɗan Yauri: Wannan dabara ce Baba, Allah ya ƙara girma. Na janye rabin jan.

Mai Reno, Birnin Kebbi: Yanzu batun tukunya da ƙasa, nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa.

Saiwar ƙasa take nufa kai tsaye, ba ta bazuwa gefe, don haka zurfi ake nema ba faɗi ba. Kasko ko tsohuwar roba ta wanki ba za su yi ba. A samu abin da zurfinsa ya kai santimita 25 zuwa 30. Tukunyar ƙasa ta fi, saboda tana zufa tana sanyaya saiwa. In babu, bokitin fenti fari na lita 10 ya isa, a wanke shi tas, a huda gindinsa da ƙusa mai zafi wuri shida zuwa takwas, kowane rami ya kai kaurin fensir. Baƙar leda ta reno da baƙin bokiti a bar su, in rana ta doke su ƙasar ciki dafa saiwa take yi. Tukunyar ƙasa kuma a jiƙa gindinta kafin a huda, a bi a hankali, in ba haka ba tsagewa za ta yi.

Haɗin ƙasa, da kwano ɗaya ake aunawa: biyu na ƙasar jigawa, ɗaya na yashin gulbi mai tsakuwa-tsakuwa, ɗaya na takin awaki ko na shanu da ya shekara ya zama gari, ɗaya na ɓuntun shinkafa da aka babbake ya yi baƙi bai zama toka ba. Ɓuntu dai a Kebbi ba a saye da tsada, duk inda injin casa yake tari ne. Amfaninsa shi ne yana buɗe ƙasa iska ta shiga, ruwa ya wuce. Ɗanyensa ma yana yi, sai dai yana zuwa da ƙwayar shinkafa da ciyawa, kuma gara na sonsa. Laka ta fadama kada a sa ko kaɗan: da ruwa ta zama kunu, in ta bushe ta zama bulo ta tsage ta tsinke ƙananan saiwoyi.

Gwaji mai sauƙi: a cika tukunya, a zuba ruwa kofi biyu. In bai fara ɗiga ta ƙasa cikin minti ɗaya ba, a ƙara yashi da ɓuntu. Sannan a ɗora tukunyar a kan bulo biyu, kada ta zauna a ƙasa, saboda gara da kuma toshewar ramuka.

Hajiya Mai Fulawa, Zuru: Ƙarin bayani a kan shukar kanta, don kuskuren da ake yi ke nan: ana binne irin kamar na kuɓewa. Wannan iri haske yake so kafin ya tsiro. A jiƙa ƙasa tukuna, a barbaza ƙwaya biyar ko shida a sama, a danna da bayan cokali, shi ke nan, ba a rufewa. Matsalar ita ce iskar hunturu na busar da saman ƙasa cikin awa biyu, irin da ya fara kumbura kuwa in ya bushe sau ɗaya ya mutu. Maganinta a rufe bakin tukunya da farar leda mai ramuka huɗu ko biyar, a ɗaure da roba. Ban-ruwa kuma da gorar ruwa da aka huda murfinta da allura, ko abin fesa, kada a kwarara da buta ya tara irin duka a gefe guda. Yana tsirowa cikin mako biyu zuwa uku. Ranar da aka ga kore a cire ledar, in aka bar ta ƙananan za su ruɓe daga wuya su kwanta.

In sun yi ganye huɗu a rage, a bar uku mafi ƙarfi a bokitin lita 10. Ragewar da almakashi ake yi, a yanke a gindi. In aka tumɓuke, saiwar na kusa ma ta motsa.

Maman Biyu, Gusau: Waɗanda aka rage ba za a dasa su a wata tukunya ba? Kamar asara ce, irin da tsada.

Hajiya Mai Fulawa, Zuru: Ƙanwata, ba tumatir ba ne. Tumatir in kin tsinke saiwa sabuwa yake fitarwa, wannan kuwa uwar saiwa ɗaya gare shi, mai saurin karyewa, in ta karye ya tsaya cak ko ya mutu. In kina tsoron asara, tun farko ki shuka ƙwaya bibbiyu a ƙananan kofunan takarda, in sun yi ganye huɗu ki yage gindin kofin ki sa shi dungurungum a babbar tukunya ba tare da kin taɓa ƙasar ba. Kada ya wuce wata ɗaya a kofi, saiwar za ta kai ƙasa ta naɗe.

Ɗaliba, Aliero: Ina neman izinin manya in ƙara abu biyu, rana da taki. Takardun iri suna cewa a sa shi a cikin rana sosai, amma ranar Turai suke nufi. A nan hantsi ya ishe shi: daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 11, sannan inuwa. Gindin katanga mai kallon gabas shi ne wurinsa. Inuwa duka yini ita ma ba ta yi, sai ya yi tsawo siriri ya faɗi, furen kaɗan.

Taki kuwa, mako huɗu bayan tsirowa a sa takin zamani na kamfa 15-15-15 rabin ƙaramin cokali a bokitin lita 10, a binne a gefen bokiti nesa da kara, a bi da ruwa. A maimaita bayan mako uku ko huɗu. Yuriya a bar ta, ganye za ta ba shi ya yi laushi, darɓa ta taru, fure ya ja baya. In gefen ganye ya ƙone kwana biyu bayan sa taki, ya yi yawa ne, a kwarara ruwa har ya fita ta ƙasa sau biyu ko uku.

Baba na Argungu: Ɗiyata kin yi daidai. Ruwa kuma yatsa ka faɗi, ba agogo ba. A tura yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi a bari sai gobe. Cikin Disamba da Janairu tukunya na iya kwana biyu ba ta nemi ruwa ba, a Fabrairu kullum da safe. Abin da ka ruɗin mutane, shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi takai kamar mai jin ƙishi, sai a ƙara mata, a ƙarasa ta. In kun ga yaushi da sassafe ƙasa kuma jiƙe, ganyen ƙasa na yin rawaya, to saiwa ce ta fara ruɓa. A daina ruwa, a zura tsinke a buɗe ramukan gindi.

Ruwan alwala a tara a ba su, ba komi. Ruwan wanki da na wanke-wanke dai a'a.

Mai Reno, Birnin Kebbi: Kuma wanda ruwan burtsatsensa ke barin farin gishiri a bakin tukunya, ya riƙa kwarara ruwa har ya fita ta ƙasan tukunya sau ɗaya a wata.

In fure ya fara, kowanne kwana kaɗan yake yi ya yanƙwane. A cire shi shi kaɗai da farce ko almakashi daidai wuyansa, kada a yanke reshen, domin sabbin balan-balan ɗin suna nan ƙasa da shi kaɗan. Farin ruwa zai fito kamar madara, halinsa ne. In aka bar tsohon fure ya yi ƙwanso, shukar ta koma yin iri ta daina fure. Yara kuma a ja musu kunne tun wuri, don babu yaron da zai ga wannan kumburin bai matse shi ya ji ƙarar ba, wanda aka matse tun yana kore kuwa ba ya buɗewa da kyau.

Ɗan Yauri: Saura rabin jana. Kun ce a ɗauke shi kamar latas. Amma saiwar na nan da rai bayan ganye ya bushe. Masu reno a ƙasashen waje suna sa ta a ɗakin sanyi wajen digiri 5 na makonni kafin su tayar da ita. Me zai hana a tono ta a Afrilu, a sa a yashi mai ɗan danshi cikin leda, a ajiye a ƙasan firji?

Malamin Gona, Talata Mafara: A takarda daidai ne. A aikace abu uku ne ke gabanka. Na ɗaya, wuta: firjin da ke sanyi awa shida ya huce awa goma sha takwas ba sanyi yake ba saiwa ba, gumi yake tara mata a leda, ta yi funfuna. Sai mai sola. Na biyu, saiwar wata biyar ba ta fi ɗan yatsa ba, abincin da ta tara kaɗan ne. Na uku, ko ka yi nasara mako shida ko takwas, ka fito da ita a Yuni, cikin damina ke nan, lokacin da ta fi ruɓewa, in kuma ka ce ta zauna har Oktoba, wata shida a firji ya yi mata yawa. Sabon iri ya fi wannan wahalar arha.

Wanda ya nace yana son gwada tsallakar da ita, gara ya bar ta a tukunyarta, ya sa tukunyar cikin wata babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, irin dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. A ajiye a inuwa, ruwa kaɗan sau ɗaya a mako, da damina a shigar da ita ƙarƙashin rumfa. Kuma kada a zubar da tukunya don an ga ba komai a sama, shukar nan ta shahara da jinkirin farkawa. Mutanen Zuru da Yauri sun fi na Gusau da Argungu damar cin wannan, zafinsu bai kai namu bushewa ba.

Hajiya Mai Fulawa, Zuru: Ni dai shawarata ga Maman Biyu, tukunya biyu ko uku ta balan-balan ta isa don sha'awa, sauran wurin a ba gajerun da ba sa tsoron Afrilu. In shuɗin ne ya ja hankalinki, nemi Ruellia gajeriya da ake kira Katie, ba ta wuce santimita 30, furenta shuɗi-shuɗi, zafi ba ya damunta, sai dai tana watsa iri ta cika wuri in ba a kula ba. Akwai Blue Daze mai kwanciya a bakin tukunya, furensa ƙanana shuɗi tar, yana buɗewa da safe ya rufe da yamma, ana dasa shi daga reshe.

Fotulaka, wadda masu fulawa ke kira ƙarfe goma saboda lokacin buɗewarta, ita ce ta kasko: saiwarta gajeriya, zurfin santimita 10 ya ishe ta, yashi rabi ƙasa rabi, a tsinko reshe kamar tsawon yatsa a soka, cikin mako ɗaya ya kama. Binka, mai fure fari ko ruwan hoda da ganye mai sheƙi, tana fure duk shekara, abin da ke kashe ta ruwan Agusta ne in tukunya ba ta tsanewa. Marigol gajere da ziniya irin Profusion ko Zahara suna fure wata biyu ko ƙasa da haka daga iri. In sun yi ganye shida a tsinke kan, su yi rassa su cika tukunya maimakon sanda ɗaya.

Baba na Argungu: Kun manta da tamu ta gida, ƙariya. Ga ta nan a daji da maƙabarta, Turawa na saye da kuɗi mai yawa suna sa ta a tukunya. Yashi kashi biyu, ƙasa ɗaya, ruwa sau ɗaya a mako, da damina a kauda ta daga ruwan sama. In an yanko reshe a bar shi kwana uku zuwa biyar a inuwa bakin ya bushe kafin a dasa. Amma ruwanta dafi ne, da shi da na binka, a ɗaga su inda yaro da akuya ba su kai.

Maman Biyu, Gusau: Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Tambayoyi na ƙarshe guda uku: kaji da ƙadangaru fa, da kuma wani farin abu kamar auduga da ke maƙalewa a gindin ganye? Sannan an ce ana cin saiwar, gaskiya ne?

Ɗaliba, Aliero: Kaji tono suke yi, ƙadangaru kuma da rani duk ɗanyen toho da suka gani sai sun gutsura. Tsohon gidan sauro a kan sanduna huɗu yana maganin duka biyun, yana ma rage ƙurar hunturu da kaifin rana. Ƙurar da ta sauka a ganye a wanke ta da fesa sau ɗaya a mako, don a ƙarƙashinta ne wasu jajayen ƙwari ƙanana kamar garin barkono ke yaɗuwa, ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari.

Farin abin nan ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka, tururuwa ke yawo da shi daga tukunya zuwa tukunya. In kaɗan ne a goge da tsinken auduga da aka tsoma a ruwan sabulu. In ya yi yawa, a daka ƙwallon dogon yaro busasshe giram 50, a jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga ruwan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma sama da ƙasan ganye. A sake bayan mako ɗaya, sau uku. Da rana tsaka kada a fesa, ganye zai ƙone.

Cin saiwa kuwa gaskiya ne, a Koriya doraji suke ce mata, suna fere ta su murza da gishiri su jiƙa don ɗacin ya fita, a Sin kuma tana cikin magungunan tari. Amma wadda ake ci sai ta shekara biyu ko uku a gona, kuma don ci aka noma ta. Ta tukunya mai wata huɗu, wadda irinta ma sau da yawa da maganin ƙwari ake shafe shi kafin a sa a takarda, a bar ta a fure.

Mai Reno, Birnin Kebbi: Hajiya in kina son tara iri na baɗi, a ƙarshen Fabrairu ki bar fure biyu ko uku su yi ƙwanso, in ya yi ruwan ƙasa bakinsa ya fara buɗewa ki yanke ki juye a ambulan. Ki sa ambulan a kwalba mai murfi da ɗan gawayi a ciki saboda laimar damina, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi. Sai dai Astra da Sentimental Blue irin aure ne, 'ya'yansu ba lallai su fito gajeru kamar iyayen ba, don haka ki shuka su a bokiti dabam ki rubuta a jiki.